Gayyar da Ta Aske Gonar Baba

Babanmu mutum ne da ba ya son ganin hayaƙi yana tashi a banza. Idan Inna ta sauke tukunya ta bar itace yana ci, sai ya taso daga kan tabarmarsa, ya zaro guntun, ya cusa shi cikin yashi, ya koma ya zauna. Mutanen ƙauyenmu, can gefen Cadawa, suna kiransa marowaci a bayan idonsa. Ni da nake babbar 'yarsa ban taɓa musa musu ba.

Da na tasa, daji ya riga ya ƙare. Mu mata mukan fita neman itace tun da sanyin safiya, mu dawo rana ta take da ɗan ƙullin da ko wake ba zai dafa ba. Wadda ta gaji sai ta ɗebi hatsi ta kai wa masu amalanke su ba ta itace, ko ta ƙona kara da kashin shanu. Baba ya hana duka biyun. Hatsi na ciki ne, in ji shi, kara da kashin shanu kuwa abincin gona ne. Inna ta tambaye shi ko da yatsunta za ta hura wuta.

Amsar da ya bayar a gona ya ba da ita. Akwai tsofaffin kututturan sabara da kalgo da gawo da ke yin toho kowace shekara, manoma kuma suna sare su a lokacin sassabe. Baba ya daina sarewa. Sai ya zaɓi reshe mai ƙarfi a kowane kututture ya bar shi, ya datse sauran ya kawo wa Inna. A da mutane suna tsoron itace a gona, don an ce na gwamnati ne, sai da takarda za ka taɓa shi. Amma lokacin sojoji sun sassauta, jam'iyyu sun fito ko'ina, ma'aikatan buro, wato ofis, yau aiki gobe yaji, kowa bakinsa dimokuraɗiyya. Baba ya ce, "To, tunda kowa ya samu bakinshi, ni ma na samu iccena."

Don kada masu kiwo su yi kuskure, ya yayyaga tsohon zanen Inna ya ɗaura wa kowane reshe tsumma. Aka yi rashin sa'a launin zanen ya zo ɗaya da na wata jam'iyya. 'Yan jam'iyyar suka zo har gida yi masa godiya, da shayi da sukari. Baba ya karɓa. Da ya ga haka, sai ya nemo tsummoki masu wasu launuka ya ƙara. Shekarar nan ba mu sayi sukari ba.

Sai dai a wajenmu, ana gane manomin kirki da gonar da ke fes kamar tafin hannu. Tamu kuwa ta koma kamar kan da ya shekara bai ga aska ba. Masu wucewa suna dariya, suna cewa tsufa ya kama Baba, ga shi ba ɗa namiji babba. Amma mu mun daina doguwar tafiya. Awakinmu suna cin ganye, rairayi ya daina binne shuka, ni kuma ina soya ƙosaina na kasuwa da itacen da ba a saya ba.

A wajen ƙosan nan na haɗu da wanda nake so. Bagobiri ne daga Gidan Sori, yana kawo wake kasuwar Cadawa. Dogo ne na ban mamaki, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ga ƙarfi, ga kunya, ga zuciya mai kyau wadda ba ta tsayawa tambaya. Manyansa suka zo gaisuwa, Baba ya karɓe su, saura sa rana. Duk zancen da muka yi da shi a ƙofar gida, ban taɓa yi masa maganar sabara ba. Wace budurwa ce take zance da maganar sabara?

Ashe ya bi ta gonarmu ya gani, tausayin Baba ya kama shi. Ya koma garinsu ya tara abokansa, majiya ƙarfi, har da makaɗi, don ya yi wa surukinsa gayyar sassabe ba tare da ya sani ba.

Ina daka da hantsi na ji ganga daga wajen gona. Na ce wa Inna ko 'yan siyasa ne. Ta kasa kunne, ta ce, "Wannan kiɗan noma ne." Muka dubi juna. Na yar da taɓarya na zura da gudu, ko mayafi ban ɗauka ba.

Kafin in isa sun aske fiye da rabi. Gatura suna tashi, makaɗi yana zuga su, an tara rassan tuli-tuli da tsummokinsu, wani har ya fito da ashana. Shi kuwa gogan yana gaba, gumi sharkaf, ya hango ni ya yi murmushin wanda ya gama da duniya lafiya. Na buɗe baki, ihu kawai ya fito.

Sai ga Baba yana tafe a hankali, hannuwa a baya. Tun daga nesa saurayina ya yar da gatari, ya cire takalmi, ya tsuguna, kai a ƙasa, kamar yadda ya saba duk lokacin da ya hangi Baba. Ganga ta yi shiru. Baba ya tsaya kan wani gawo da ya yi shekaru yana lallaɓawa, ya daɗe yana kallon wurin saran. Gayya girmamawa ce, ba a zagin wanda ya kawo ta.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Allah shi yi albarka. Kada dai a sa wuta."

Ban taɓa jin godiya mai ɗaci irin wannan ba. Ya sa su kwashe rassan a ka har gida, aka jibge bayan rumbu, ya ce ko tsinke kada a taɓa.

Bayan kwanaki baffan saurayin ya zo maganar sa rana. Ina bayan zana ina saurare, ban ji kunyar hakan ba. Baba ya ce, "Babu komi. Yaro ya yi aiki. Abin da ya sare, ran da ya kai tsawonshi, ku zo ku ɗauki matarku."

Baffan ya ce, "Malam, ka ko dubi yaron ga da kyau? Mu da munka haihe shi, sai mun ɗaga kai muke mai magana."

"Icce ba shi gajiya da tsawo," in ji Baba.

Na yi kuka ranar har idona ya kumbura. Na ji haushin Baba, na ji haushin wannan dogon da bai iya tambaya ba, na ji haushin duk wanda ya ba shi abinci yana yaro. Tsorona ɗaya: a ce Baba ƙi ne ya yi cikin ladabi, mutanen Gidan Sori su gaji su nema wa ɗansu wata. Gajerun samarin ƙauyenmu har sun fara zagayen ƙofar gidanmu.

Amma bai gudu ba. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta gona a kan kekensa. Da kututturan suka sake toho, ya tsuguna a gabansu bai san abin yi ba. Baba kuwa ba zai zauna yana koya wa suruki aiki baki da baki ba, sai ya riƙa yi wa itacen magana. "Kai kalgo, in da ni ne mai wuƙa, wancan miƙaƙƙen zan bari, in cire na gefe." Daga can ƙasa sai ka ji an ce, "To." Haka ya koyi datsa, ya kewaye ƙananan da ƙaya saboda awaki, ya yayyaga rigarsa ya ɗaura tsumma.

Ni ma ban zauna ba. Ina fakar ido in kwashi takin awaki a ƙwarya in kai wa kututturan, ina yi musu faɗa su yi sauri. Wata rana Baba ya ce wa Inna, a inda zan ji, wai awakin bana sun fara zuwa gona da sawun mutum.

Damina ta yi kyau. Da kaka sabara da kalgo sun kai ƙirjin mutum, amma mutum irin sauran mutane. Shi ko hammatarsa ba su kai ba. Gawo kuwa yana wajen gwiwa, yana abinsa a hankali kamar ba aure ake jira ba. Baffan ya sake zuwa, fuska ba walwala, ya ce a je a duba ko don a san abin da za a faɗa a gida. Na riga su zuwa, na duƙa cikin wake ina tsinkar abin da babu.

Saurayin yana can yana datsa. Da ya hangi Baba, ya cire takalmi ya tsuguna a gindin wani kalgo. Baba ya zo ya tsaya, ya dubi kansa, ya dubi ganyen da ke lilo a samansa.

"To, ai ya wuce shi," ya ce.

Baffan, mutumin Allah mai gaskiyar da ba a tambaye shi ba, ya ce, "Malam, ai tsugune yake."

"Ni tun da nike, ban taɓa ganin yaron ga tsaye ba," in ji Baba. "Tsawon da na san shi da shi ke nan."

Gogan ya motsa kamar zai miƙe ya yi godiya. Baffan ya danne masa kafaɗa da hannu biyu. Ni kuwa ina cikin wake, dariya da kuka suka haɗe mini, har Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, a gaya wa akuyar can ta tafi gida.

Da itacen gayyar nan, wanda ya bushe bayan rumbu, aka dafa abincin bikinmu. Baba ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu ko tsinke ba a saya ba, ango ne ya kawo.

Baba ya daɗe da rasuwa. Gawon nan mai nawa yanzu ya fi kowane soro a ƙauyen tsawo, kuma har yau ban sayi itace ba. Maigidana ya tsufa, ya ɗan ranƙwafa. Duk sanda muka je ganin gida muka bi ta gonar, sai ya cire takalmi ya tsuguna a gindinsa na ɗan lokaci. Jikokinmu suna dariya, suna cewa gwiwa ce ta gaza. Ni na san ba gwiwa ba ce, sai in tsaya daga gefe in jira shi.