Kanwar Inna

Shekarun baya, lokacin ina lodin kaya a kasuwar Roxy, na ɗauko mahaifiyata daga Nijar ta zauna wurina a unguwar Adjamé cikin Abijan. Ba ta daɗe ba ƙafafunta suka kumbura, kai yana sara mata. Na kai ta asibiti a Treichville, likita ya ce tansiyo ne, jininta ya hau sosai. Ya ba da magani, ya ce gishiri kuwa ko ƙwaya, in ba haka ba wata rana ta faɗi rabin jiki ya mutu.

Na dawo gida na zama soja. Na kwashe gishirin gidan kaf na ba maƙwabta. Inna ta ɗanɗana miya ta ture kwano.

"Wannan ai wankin tukunya ne. Ka kawo ni Abijan ka kashe ni da lami?"

Sai ta nemo wa kanta mafita. Ta zo da jar kanwa daga gida ƙunshe a tsumma, ta shiga jefa ta a miya, kullum da safe kuma kunun kanwa. In ƙwannafi ya taso ta kaɗa farar hodar nan bikarbonat a ruwa ta shanye. Ni ban ga laifi ba. Gishiri aka ce, kanwa kuwa a garinmu magani ce.

Muka koma awo, jinin ya ƙara hawa. Likita ya dube ni kamar ni nake ɗura mata. A gbaka, motar haya, muna tsallake gada ina kallon wuyanta, jijiya tana harbawa. In ina wurin aiki na hango wani daga unguwarmu ya nufo ni, sai in ɗauka mugun labari ya kawo min.

Akwai wata mai farmasi kusa da Mairie, ofishin magajin gari, jikar Hausawa ce amma haihuwar Abijan, Hausarta duk ta karye. Na je sayen magani na zazzage mata damuwata. Ta ce in lissafa abin da tsohuwa take ci. Ina ambatar kanwa ta ajiye biro.

"Tonton! Kanwa? Mais c'est du sodium!"

Na ce ban san wannan sodium ɗin ba. Ta ce shi ne mugun da ke cikin gishirin. Ta ja takardar naɗe magani tana lissafi, wai nauyinsa ashirin da uku, abokin haɗinsa talatin da biyar da rabi, a tara a raba. Ni dai na tsaya kamar rago a kasuwa. Abin da na kama shi ne, a gishiri kusan kashi huɗu cikin goma shi ne, a bikarbonat ya haura rubu'i, kanwa kuma tana tsakaninsu. Ga Inna tana zuba ta da hannu sake, tunda ba ta jin ɗanɗanon gishiri balle ta tsaya.

Ban jira mota ba, da ƙafa na isa gida. Na tarar ta dama kunu tana fifita shi. Na ɗauke kofin.

"Inna, wannan ma gishiri ne."

"Kanwar? Uwata ta sha ta har ta ga jikokinta. Wace 'yar boko ce ta faɗa maka?"

Na durƙusa na ce ta yi wa Allah. Sai ta turo min tsumman da ƙafa, ta juya fuska bango. Ba ta yi min magana ba har aka kwana biyu. Amma kumburin ya saɓe, awo na gaba likita ya gyaɗa kai.

Ta ƙara shekaru masu dama, kuma ba ranar da ba ta tsine wa miyar gidana ba. Lissafin nan har yau ban iya shi ba. Sai dai duk wanda ya ce min an hana tsohuwarsa gishiri, ba na ce masa sannu sai na tambaye shi me take zubawa a madadinsa.