Kaza a Cikin Waya

Duk shekara idan ruwan fari ya sauka a Zinder, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kan mayar da ni ƙauyenmu na kwarin Tarka, gidan kakana.

Na tashi na tarar yanar ido ta rufe masa gani. Amma shi ke ba da izinin shuka, kuma ba ya bayarwa sai taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta sun ɓullo a gabas kafin asuba. Ruwan da ya riga su, a cewarsa, ba na shuka ba ne. Ni ce idonsa. Yakan tashe ni, ya dafa kafaɗata mu fita bayan danga, raɓa na jiƙa mana ƙafa.

Shekarar da na shiga lakwal, wato makarantar boko, ruwa ya sauka da wuri. Baba ya matsu, maƙwabta duk sun fita gona. Da asuba Kaka ya tashe ni, barci cike da idona.

"Amarya, ta fito?" Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika.

Na ce ta fito. Ban ko duba ba.

Aka shuka gero. Ya tsiro, sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi. Baba ya kora awaki biyu kasuwar Belbeji ya samo wani irin. A shekarar, kakar girbi ba ta zagayo ba rumbu ya ƙare. Ban gaya wa kowa abin da na yi ba.

Bayan shekaru da yawa, ina aikin asibiti, na je gida gab da damina da sabuwar waya mai ɗaukar hoton dare. Kaka ya tsufa ƙwarai, ba ya iya fita bayan danga. Da asuba na kifa turmi a tsakar gida, na jingina wayar da dutse tana kallon gabas. Hotunan farko duk sun dagule, don ina taɓa ta tana motsi. Sai na koyi latsawa in janye hannu, in riƙe numfashi har ta gama tattara haske. Abin da ya fito ya fi abin da idona ke gani nesa ba kusa ba. Taurari birjik, har sai da na sha wuya kafin na gano Kazar a cikinsu.

Kaka na kan tabarma yana jin motsina. Na ce masa na kama Kaza a waya.

"'Ya'yan nawa?"

Na buɗa hoton da yatsu biyu, na ƙirga, na wuce goma.

"A zamanina shida ne. Mai kaifin ido ya ce bakwai."

A nan na faɗa masa ƙaryar da na yi.

"Na sani," ya ce. "Wanda ya ɗaga kai sama muryarsa daban take fita. Ke ƙasa kika yi wa magana."

"To me ya sa ka bari aka shuka?"

"Ubanki ya riga ya ɗaure iri a jaki. Ni kuma na gaji da jin ana cewa makaho ya hana mutane gona."

Aka kira salla.

Ya rasu da ranin da ya biyo. Yanzu ƙanena ke riƙe da gonar. Saƙon hasashen ruwa yake jira a wayarsa, wata shekara ya dace, wata ya sake shuka, kamar dai da. A gidanmu ni kaɗai na rage da na san inda Kaza ke ɓullowa da lokacinta, kuma ba wanda ya taɓa tambayata.