Wanda Na Yafe Wa a Gyaɗi-Gyaɗi

Shekarar da na fara ɗaukar fasinja ta waya, wani mai adaidaita sahu ya shigo mini ta gefe a Gyaɗi-Gyaɗi. Ƙofar motata ta lotse, hannuna na hagu ya karye. Kafin in gama salati jama'a sun taru, kowa na cewa tsautsayi ne, a yi haƙuri. Mai adaidaitan dattijo ne, bai daɗe da barin ƙauye ba. Na ce na yafe, har cikin zuciyata.

Na koma gida Unguwar Gano na kwanta, na ƙi neman diyyar inshorar da nake biya duk shekara. A ganina, in ka yafe a gaban mutane sannan ka dawo neman wani abu, ka zubar da girmanka.

Yayata, wadda ke aikin jinya a asibitin koyarwa, ta zo duba ni. Da ta ji dalilina, sai ta dangwarar da kular abinci.

"Dattijo ya buge ka, ka yafe masa, Allah ya ba da lada. To kamfanin inshora me ya yi maka da za ka yafe masa?"

Haushi ya kama ni. Washegari ta ja ni aka ɗauki hoton ƙashin, muka kai wa kamfanin. Mun sha zirga-zirga, amma sun biya magani da gyaran mota.

Yanzu in mun haɗu a titi, dattijon kan ɗaga mini hannu. Da na hagun nake amsa masa.