Anti Tafireta da Filasharta

Tun a ofishin da ta yi ƙuruciyarta tana buga wasiƙu aka laƙaba mata Anti Tafireta, har ta yi ritaya sunan bai sake ta ba. Gajeriyar mace ce mai arhar dariya. Da ta bar aiki sai ta kafa tebur a barandar gidanta, ta ɗora tsohuwar kwamfuta, ɗalibai da masu neman aiki suna kawo rubutu tana buga musu.

Ran nan kwamfutar ta yi wata ƙara kamar ana jan kujera, daga nan shiru. Ƙanin mijinta, mai shagon gyaran kwamfuta a bakin titi, ya kwance ta ya ce ma'ajiyar cikinta ta mutu.

"To, sai in shimfiɗa tabarmar makoki?"

"Haba matar yaya, ina raye?"

Ya ɗauko filasha, 'yar ƙaramar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya zuba manhajar Linux a cikinta, ya soka, sai ga kwamfuta ta tashi daga jikin filashar garau. Anti ta riƙe haɓa. Abu bai kai ɗan yatsa ba, ya ɗauke aikin wannan uban akwati! Ranar har mai kawo ruwa sai da ta nuna masa.

Murna ta koma ciki da ta je shagon fitar da takardu. Ta gama buga wa wata ɗaliba aikinta, ta adana a filashar, amma da aka soka a kwamfutar shagon mai manhajar Windows, ko shafi ɗaya bai fito ba. Ta koma wajen ƙanin mijin nata tana haki.

"Kai, ɗan nema, filasharka ta san wanda take yi wa magana!"

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce tsarin da Linux ke ajiya da shi, kwamfutar shagon ba ta karanta shi. Sai an raba filashar biyu: ɓangare ɗaya na manhaja, ɗaya na takardu, a tsarin da kowace kwamfuta ke ganewa.

"Matsa, da hannuna zan yi," in ji ta.

Ta kwashe aikin ɗalibar zuwa kwamfutarsa tukuna, ta gyara tabarau, yana faɗa tana dannawa. Ta ruga shagon fitar da takardu. Shiru dai! Mai shagon ya kawar da kai yana danne dariya, ita ce ma ta fara tuntsirewa.

Ashe kwamfutar shagon tsohon yayi ce, ɓangaren farko kawai take gani, Anti kuwa ta sa na takardu a baya. Aka sake sabon lale, takardu a gaba, manhaja a baya. Wannan karon tana sokawa sai ga aikin ɗalibar reras. Anti ta daka tsalle, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri, ta rungume ɗalibar da ta rako ta, ta kusa rungume injin fitar da takardun ma.

Daga ranar ba kwamfutar da ta tsira a layin. Ta gwada ta makaranta, ta gwada ta surukinta. Mijinta ya ce, "Baiwar Allah, saura ki soka a firiji." Ta ce ya nemo mata ramin.

Gwajin da ta yi a wajen mai kantin magani ne ya fi ba da labari. Ya juya zai miƙo mata maganin ciwon gwiwa, ita kuwa ta soka filasha ta sake kunna kwamfutarsa. Da ya waiwayo ya ga allo ya canza fuska, babu ko sunan magani ɗaya, sai ya dafe ƙirji.

"Anti, kin kashe ni!"

"Ai ba ka mutu ba tunda kana magana."

Ta kashe, ta zare, ta kunna, kayansa suka dawo cif. Ya zube a kujera yana sauke numfashi, ita tana share hawayen dariya da gefen mayafi. Bai bari ta tafi ba sai da ta yi alkawarin raba masa tasa filashar. Washegari ya kawo mata har baranda, tare da wani abokinsa mai ɗaukar hoto, shi ma da tasa a hannu.