Baƙuwar da Take Roƙon Rakiya a Boukoki

Da gari ya fara haske, kafin masu shayi su gama hura wuta, Dokta Iklima Moussa ta riga ta fito daga gidanta na Zongo. Zane da lulluɓi take sawa kamar kowace mace mai shekarunta, sai dai in ka dubi ƙafarta za ka ga takalmin 'yan ƙwallo. Ba wurin aiki take nufa kai tsaye ba. Unguwar Boukoki take fara shiga, ta yi sallama a wannan gida da wancan, sai rana ta ɗaga ta tsayar da taksi, ta haye kogi zuwa labo ɗinta, ɗakin bincike a jami'a. Can take yini a kan jinin mutane, tana duban fararen ƙwayoyin da suke tsare jiki daga cuta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta tafi retret. Ba a taɓa ganinta a tele ba, kuma ban ji an shirya mata wani taro ba.

Tambaya guda ce ta cinye mata ƙuruciya. Macen da ke da ciwon daji, ana ƙara mata ruwan shimiyo, maganin nan mai zubar da gashi da kashe jiki, in tana motsa jikinta, shin garkuwarta za ta fi tsayawa? Ta karanta abin da aka rubuta a wasu ƙasashe, amma tana son ta gani da idonta a jikin matanmu, masu cin tuwo da kopto, kwaɗon ganye, cikin zafin Yamai.

Da farko ba ta dace ba. Kekunan motsa jiki ta samo ta jera a wani ɗaki kusa da asibiti, ta zauna jira. Mata biyu suka zo, ɗaya zanenta ya sarƙe a feda, ba ta sake dawowa ba. A hankali ta gane inda gizo ke saƙa: a wajenmu, son marar lafiya shi ne a kwantar da shi. Ko buta ba a barin ya ɗauka.

Sakina, matar Mu'azu tela, ita ce ta ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. An yi mata aiki a nono, aka fara ƙarin ruwan shimiyo. Mahaifiyarta, Hajiya Ramlatu, ta taso daga Tawa ta tare a ɗakin, ta hana ta komai. Sakina tana kwance, abinci ba ya shiga, ƙafafu suka saki. Ranar ƙarin ruwa aka auna jininta aka ce ya yi ƙasa, jikin ba zai ɗauka ba, su koma gida. Suka dawo, aka sake mayar da su. Likitan ya ja Mu'azu gefe ya gaya masa gaskiya: in aka ci gaba a haka dole a tsayar da maganin, in kuwa aka tsaya a rabi, ciwon yana iya dawowa. Ya ce ya yarda ta riƙa takawa kaɗan, sannan ya haɗa su da Dokta Iklima.

Ta je gidan ta yi bayani a natse. Hajiya ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ajiye mafici.

"Tahiya? Wagga da ko ƙwaryar hura ba ta iya riƙewa? Ke likita ce ko mai horon soja?"

"Hajiya, ai ba gudu na ce ba."

"Ko rarrahe ne ba da ni ba. Mutanen unguwa su gan ta bisa titi, su ce uwatta ta gaji da jinya?"

Mu'azu yana bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ina shi ina musu da surukarsa.

Dokta Iklima ba ta ja maganar ba. Ta san tsohuwar ba mugunta take yi ba, abin da ta iya ne take ba ɗiyarta. Washegari ta dawo ba takarda ba jaka, sai lemu a leda, ta ce dubiya ta zo. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta sha ruwa, suka taɓa hirar tsadar albasa. Da ta tashi tafiya ta gyara lulluɓi, ta dubi mai kwance.

"To, Sakina, ba za ki taka mini ba? Haka ake sallamar baƙo a gidan nan?"

"Ni in raka ki," in ji Hajiya, tana neman takalmi.

"Wace ni in tayar da uwa? Zauna, Hajiya. Mai ɗaki ita ke raka baƙuwarta."

Hajiya ta koma ta zauna. A ce baƙuwa mai furfura ta nemi rakiya an hana ta, wannan abin kunyar ya fi wancan. Sakina ta dafa bango ta miƙe. Ranar iyakarta bakin zaure, kuma da ta koma ta yi kuka don gajiya.

Baƙuwa ta mai da gidan hanya. Rakiya ta kai bakin famfo, ta wuce mai ƙosai, wata rana har shagon Mu'azu, wanda ya tsayar da keken ɗinkinsa yana kallon matarsa kamar ranar ya fara ganinta. In sun kai inda za su rabu, sai Dokta ta ce ai ba za ta bar marar lafiya ta koma ita kaɗai ba, bari ta maido ta. Hajiya kuwa tana biye da su da 'yar kujera a hannu, tana mita.

"Ni dai ban taɓa ganin baƙuwar da ake rakawa ta rako mai gida ba. Ke ba ki da aikin yi ne?"

"Ga shi ina yi, Hajiya."

Mutanen unguwa ba su ce komai ba. Rakiya suka gani, kowa kuma ya san rakiya.

Wata safiya Sakina ta sa takalmi tun kafin a yi sallama. Dokta ta taɓa goshinta, ta ji zafi, fuskarta ta canza. Ta ce yau ko zaure ba za a taka ba, a nemo taksi yanzu a tafi asibiti, zazzaɓi a jikin mai shimiyo ba abin jira ba ne. Ita ta riƙe ta a mota. Sakina ta ce tun daga ranar mahaifiyarta ta daina ce wa Dokta "likitar nan", ta koma "ɗiyata".

Da lokacin awon jini ya sake zagayowa, Sakina da Hajiya da Dokta suka zauna a benci. Can Zeinabu, ma'aikaciyar jinya, ta leƙo da takarda.

"Madam Mu'azu, shigo. Kawo hannu, yau akwai ruwa."

Hajiya ta yi hamdala, sannan ta juyo wajen Dokta.

"Ɗiyata, rakiyar nan ce ta yi?"

"Ban sani ba tukuna, Hajiya. Ta fara ci, ta fara barci, wannan kam mun gani. Amma mace guda ba ta isa hujja ba."

"Duk shekarun nan kina aikin ga, har yau ba ki sani ba?"

"Shi ya sa kullum nake fitowa."

Dokta, ke ce ba ki taɓa ce wa kowa tafiya tana warkar da daji ba, ko da faɗin hakan zai sa a san sunanki. Ke ce kika bi matan nan gida gida da izinin likitocinsu, kika auna jininsu a labo, kika rubuta abin da ya fito yadda ya fito, har wanda bai yi miki daɗi ba. Ba dukansu suka tashi ba. Waɗanda suka riga mu, an gan ki a gidajensu kin zauna karɓar gaisuwa kamar 'yar dangi. Ɗalibanki sun ce kin fi yi musu faɗa a kan gaggawar yanke hukunci fiye da fasa kwalba. Mai haƙurin bincike, baƙuwar marasa lafiya, sannu da aiki.

Sakina ta karɓi ruwanta har na ƙarshe. Gashinta ya tsiro, ta koma ɗinka maɓalli a shagon mijinta, tana zuwa asibiti a duba ta in lokaci ya yi. Ba ta ce ta warke ba, cewa take tana nan, kuma 'ya'yanta suna cin girkinta.

Mun gode, Dokta Iklima. Allah ya saka miki, ya sa ki huta lafiya, ya ba waɗanda kika koyar irin ƙafarki da irin gaskiyarki. Masu karatun likita da na bincike, ku fito daga labo ku ga inda masu jinin suke kwana. Mu kuma da muke da marar lafiya a ɗaki, mu je mu tambayi likitanta. In ya ce ba laifi, mu ɗaga labule, mu miƙa mata takalmanta.