Gorubar da Malam Ya Jefo Mini

Shekarar da aka daina sule aka koma naira, wata ranar Laraba da hantsi, ina tsaye cikin gulbin da ya ƙafe a bayan ƙauyenmu kusa da Isa, da ƙanena Sani goye a bayana. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ruwan sama ya ƙi zuwa, gero ya ƙone tun yana ƙasa, nonon Inna ya ɗauke. Anza muke ci, 'ya'yan itacen nan na daji, wadda ake jiƙawa a yi ta sauya mata ruwa don ɗacinta ya fita. Sama kuwa fari fat, kamar an shanya likkafani.

Duk da haka muna wasa. Yaran unguwarmu da yaran Fulanin da shanunsu suka ƙare suna haɗuwa cikin yashi a raba gida biyu. Goruba ɗaya ce ake sawa a tsakiya, wanda ya kai ta kututturen tsamiya ya taɓa, shi ke ci. A shekarar ƙoshi wa zai kula goruba? Amma ranar nan ni ita nake kallo, ina tunanin bakin Sani.

Cikin yaranmu akwai wani siriri, wanda daga baya ya zama maigidana. Ban taɓa faɗin sunansa ba, yau ma ba ni faɗi, mu ce Malam. Akwai kuma Dogo, wanda ya fi kowa gudu, shi ya sa duk idon Fulani ke kansa. Malam ya zo ya wuce ta gabana kamar bai gan ni ba, ya ce a hankali, "Ke Tumba, koma gindin kututture. Kar ki dube ni."

Da aka fara, Malam ya ɗauki goruba ya miƙa wa Dogo a ciki, kowa na gani. Dogo ya rungume cikinsa ya duƙa ya zabura dama, Fulani suka bi shi gaba ɗaya suna ihu, "Ku kama Dogo, raƙumin banza!" Ashe hannu wofi ya runguma. Goruba na manne a ƙugun Malam, ya rufe ta da gefen riga, yana takawa a hankali kamar wanda ya gama nasa. Sai ya kewayo hagu, ya ɗaga kai. Babu wanda ya tsare ni, don wa ke tsaron yarinya mai goyo? Ya jefo. Har yau ina ganinta a sama tana juyawa, ja a cikin farin nan, kamar ba ta da niyyar saukowa. Na buɗe bakin zane ta faɗo ciki, na taɓa kututture.

Can Fulani suka danne Dogo, yana dariya yana nuna musu tafin hannu. Babbansu Jaɓɓi ya tashi yana kakkaɓe yashi, ya ce, "Wallahi wanga yaro ɓarawon tsakar rana ne!" Na kankare bayan gorubar da haƙori, na tauna na sa wa Sani a baki. Ya tsotsa ya tsotsa, ya yi barci a bayana har la'asar. Sani yana nan da ransa, har da furfura.

Kwanakin baya jikana, wanga da ke rubuta mini, ya nuna mini a waya wasu ƙatti a Amurka da hulunan ƙarfe suna yin daidai wannan da ƙwallo. Na ce ya maimaita, na yi ta kuka. Gulbin nan yanzu yara ba su zuwa, tsoron 'yan bindiga ya hana.

Bara ni ce na kwanta ciwo, duk gida na kaina, ana ta addu'a. Malam da ke tafiya da ƙafarsa shi ya kewaya ta ɗaya gefen, babu wanda ya lura, ya riga ni gidan gaskiya. Ni dai ina nan gindin kututture, da bakin zane a buɗe.