Inna Tasalla da Wayar Leƙe

Ku matso kusa, mutanen Koki, ku gyara zama. Zancen Innarmu Tasalla ne ya tsaya mini a maƙogwaro, in ban fitar da shi ba tuwo ma ba zai wuce ba.

Kun dai san ta, mai ƙuli-ƙulin lungun bayan masallaci. Duk Kano ana kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta wuce misali. Yaya Balarabe ne ɗan farinta, ni ce auta, kuma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wancan” take ce masa. Ranar da aka haife shi ma laifinsa ya shafe ta. Mace ta zo karɓar ƙuli, sai ta ce, “Ba yau ba, sai ranar nan.”

“Wace rana, Inna?”

“Wadda ke bin Talata mana! Kin sani sarai, 'yar neman magana.”

Ranar da zai tafi Jidda neman ɗinki, tun zamanin soja, ya durƙusa a bakin ɗakinta yana sallama, hawaye shaɓe-shaɓe. Tana suyar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Auta, ki ce wa wancan in ya fita ya ja ƙyaure, awaki sun dame ni.” Sallamar ke nan fa! Amma gyaɗar ranar ƙurmus ta ƙone, abin da bai taɓa faruwa a hannunta ba.

Ya tafi ya zauna. Ya yi aure can, ya hayayyafa, ba shi kuwa da takardar zama. In ya fito, ba shi ba komawa wurin iyalinsa. Shekaru suka yi ta tafiya, idon Inna ya soma yana.

Aka koma mulkin farar hula, waya ta shiga hannun kowa har mai garuwa. Inna ta ce ita ba za ta kara abu a kunne wancan ya yi mata magana a ciki ba. Can daga baya sai ga saƙo daga Yaya ta hannun wani Alhaji ɗan Jakara: waya mai allo kamar ƙaramar talabijin, da ɗan ido a goshinta. Ba ruwanta da kwamfuta, a jona ta da akwatin intanet kawai, sai mutum ya bayyana yana magana. Maƙwabcinmu Malam Ado mai gyaran rediyo ne ya haɗa mana.

Juma'a bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Sai ga Yaya, ƙiri-ƙiri, har da gemu! Na ƙwala ihu. Inna ta ja mayafi, ta juya wa wayar ƙeya, ta fuskanci bango.

“Inna, ina wuni?” in ji Yaya.

“Auta, ki ce masa lafiya lau.”

“Inna, ai yana jin ki.”

“To ya ji. Ke na aika.”

Da aka gama ta kife wa wayar faifai. Wai ita ba ta yarda da abu mai ido a ɗakin mace ba. Ta raɗa mata suna Wayar Leƙe. Haka muka yi ta yi duk Juma'a: shi yana gaida ƙeya, ƙeya tana aike na.

Wata rana ana cikin magana sai hoton ya tsaya cak, Yaya baki buɗe kamar mai jiran loma. Na kira Malam Ado. Ya ce, “Sabis ne ya yi ƙasa. In hoto ya daskare haka, layi ya tsinke.”

Daga jikin bango Inna ta ce, “Malam, yanzu ba ya ganinmu?”

“Ba ya gani, Inna.”

“Rantse.”

“Haba Inna, a kan waya?”

“Ashe ba ka da tabbas.”

Sai da bawan Allahn nan ya ce wallahi. Kafin ya rufe baki, tsohuwar da ke kukan gwiwa ta jawo kujera ta kafa hanci a jikin allon. Ta daɗe. Can ta ce, “Kai! Furfura? Wa ya ba shi izinin tsufa ina raye?” Ta ƙara matsawa. “Hancin ubansa sak, Allah Ya kyauta. Ba sa ba shi abinci ne?” Hoton na motsawa ta yi wuf ta koma bango, wai ƙadangare take kora.

Daga ranar, duk Koki na tsine wa sabis, Inna na sa masa albarka. Hadari ya haɗo, mata na kwasar shanya, ita kuwa: “Auta, maza kira wancan, yau akwai sa'a!” Ranar da layi ya yi kyau tas sai ta wuni tana tsaki, wai kayan zamani ba su da ta ido.

Sai daskarewar ta yawaita. Kowace Juma'a, da an gaisa, cak! Inna ta jawo kujera ta sha kallo, tana yi wa hoton faɗa: ya aske gemun nan, ya daina zama da hula a karkace. Ni ma na ɗauka sabis ne. Sai wata rana na lura da fankar da ke bayansa. Yaya ya daskare, fanka na juyawa.

Jama'a, magidanci da furfura, ya ƙame kamar gunki, yana ɗauke numfashi, don uwarsa ta dube shi. Ashe ranar farkon ma hotonsa ne kawai ya tsaya, shi yana ganinmu. Na fita tsakar gida na rasa dariya zan yi ko kuka. Juma'ar da ta biyo, ga shi da hula a daidaice, gemu a aske. Inna ta ce, “Ikon Allah, sai ka ce ya ji ni.”

Idon ya ci gaba da rufewa. Ta koma shafa allon da yatsa tana tambaya, “Nan ne fuskar?” Ciwo ya kwantar da ita da damina. Na kai mata wayar bakin gado, ya gaishe ta, ya ƙame, hawaye na bin kumatunsa. Ta ce, “Auta, ya daskare?”

Na ce, “Ya daskare, Inna.”

Ta lalubi allon ta ɗora tafinta a kai. “Ba na ganin komai, sai haske.” Sannan ta ce, “In ya motsa, ki ce wa wancan ya zo gida.”

Bai jira na isar da aiken ba. Washegari ya miƙa kansa ga hukumar can don a dawo da shi, ya bar mata da 'ya'ya. Aka tsare shi ana jiran jirgi. Inna ba ta jira jirgi ba. Ya iso an riga an yi sadakar bakwai, da rigar jikinsa da silifas, ya tarar da gado a naɗe. Bai same ta ba, hanyar komawa kuma ta rufe. Yanzu 'ya'yansa ne ke kiran sa ta wannan wayar, ƙaramar ma ba ta gane shi sosai.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta fiye da hasken da ta gani ranar nan. Ya haɗa ta da ɗanta a inda babu kunya, babu takarda. Amin.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. Ku da kuka san Inna Tasalla, matar da ke gane gyaɗa ta soyu da jin ƙararta kawai: kuna ganin da gaske ba ta jin numfashinsa a cikin wayar nan?